Ga mai neman abincin rana a Stokholm

Hajiya, kin ce za ki taro Stokholm, kina so ki ɗanɗana abincin mutanen Suwidin amma kina tsoron naman alade. Ni da na zauna can na ɗan lokaci, shawarata ki nufi rufaffiyar kasuwar abinci ta Östermalm, wadda aka buɗe tun 1888. Jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ki a Östermalmstorg, daf da ƙofarta. Kada ki je ranar Lahadi, a rufe take.

Mutanen nan da wuri suke cin na rana. Kafin sha biyu layi ya yi tsawo, wajen ƙarfe biyu kuwa an fara kwashe tukwane. A ranakun aiki ki duba allon da aka rubuta dagens rätt, abincin ranar ke nan, ya fi na dare araha nesa ba kusa ba, kuma galibi da burodi da ruwa a ciki.

Inda za ki yi hattara shi ne ƙwallayen naman nan da suka yi suna, köttbullar. Yawanci naman shanu da na alade ake niƙawa tare, ido ba zai gane ba. Haka miyar waken da suke sha ranar Alhamis, da alade ake dafa ta. Duk inda kika ga an rubuta fläsk, naman alade ke nan, ki wuce.

Kifi shi ne rufin asirinmu, kuma a ganina nan ma daɗin girkinsu yake. Ki nemi soyayyen strömming, ƙaramin kifin tekun Baltik, a kan dakakken dankalin turawa, da narkakken man shanu. A gefe za a zuba miki wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da zaƙi, lingon. Zaƙi a kan kifi, zuciyar Bahaushe sai ta tsaya tukuna, amma ki haɗa loma ɗaya ki ji yadda tsamin ke yanke maiƙon. Yaji fa babu, ni kam da nawa nake yawo a jaka.

In Östermalm ta yi miki tsada, gangara Hötorgshallen, wata kasuwar abincin ce a tsakiyar gari. Akwai miyar kifi mai ƙosarwa a ƙasan bene, da masu sayar da naman halal. Sai dai ki tambaya ko an sa giya a miyar, ba sa jin haushin tambaya.

Ki riƙe katin banki, wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Allah ya kai ki lafiya.