Allurar Ƙwayoyin Tushe Za Ta Warkar Min da Karyata?

Tambaya: Karyata mai shekara 6 ta daina cin abinci, dasashinta ya yi fari fat, fitsarinta kamar ruwan shayi. Likitan dabbobi ya ce garkuwar jikinta ce ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. An ƙara mata jini, an ɗora ta kan Prednisolone, maganin danne garkuwar jiki. Yanzu wani asibiti ya ce in biya a yi mata allurar ƙwayoyin tushe (stem cells, ƙwayoyin jiki da wasu ƙwayoyin ke samuwa daga gare su), ta huta da magunguna. In biya?

Amsa: Sannu, Malam, Allah ya ba ta lafiya. A ganina ka riƙe kuɗinka tukuna.

Ƙwayoyin tushen nan daga kitse ko ɓargo ake ciro su, a zuba ta jijiya. Mutane na zaton sabon jini suke ƙerawa. A'a, lallashin garkuwar jiki suke yi ta rage faɗa. Dabarar tana da ma'ana, amma gwajin da aka yi a kan karnuka masu wannan cuta ƙalilan ne, yawancinsu kuma suna shan maganinsu na asali a lokacin. To wa za a gode wa in sun warke?

Ƙa'idar da ƙwararrun likitocin dabbobi na Amurka suka fitar a 2019 ta tsaya ne kan Prednisolone, a haɗa da wani maganin danne garkuwar, Cyclosporine, Azathioprine ko Mycophenolate, in ta kama, sannan maganin hana daskarewar jini irin su Clopidogrel. Wannan na ƙarshen kada ka yi masa wasa, don gudan jini da ke toshe huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Ka tabbata kuma an yi gwajin Babesia, ƙwayar cutar jini wadda kaska ke yaɗawa, don ita ma tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini.

Za ka ga tana shan ruwa kamar ba gobe, tana fitsari, tana haki, tana bin kwano. Aikin Prednisolone ne. Sannu a hankali ake janye shi cikin watanni, tsayar da shi kwatsam haɗari ne. Wanda ya ce ka ajiye shi ranar allura, ka bar asibitinsa.

In magunguna sun gaza, a nan ne za a zauna maganar allurar, da sanin likitanta. Ka tambaye su daga ina ƙwayoyin suka fito, da karnuka nawa masu irin cutarta suka yi wa. Kafin nan, kullum da safe ka ɗaga leɓenta ka duba dasashi. In ya ƙara fari ko ya koma rawaya, ku koma asibiti a ranar.