Tambaya da Amsa: Wayata ta ce za a yi ruwa, Baba ya ce a dakata

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, gidanmu a Kumo. Bara a ƙarshen watan Mayu wayata ta nuna za a yi ruwa kwana uku a jere, na matsa wa Baba muka shuka masara, ruwa ya ɗauke kusan sati biyu, iri ya mutu. Tun daga nan da na taɓa waya sai ya ce "ga mai duba ya zo". A ina zan samu bayanin yanayi na gaskiya a intanet? Kuma me ya sa duk shafin da na buɗe sai zancen teku, mu da ba mu taɓa ganinsa ba?

Amsa: Ɗana, gaishe min da Baba, ka ce masa tsohon malamin labarin ƙasa ya goyi bayansa a kan masarar, amma ya janye maganar duba. Gaibu sai Allah. Hasashen yanayi kuwa awo ne da lissafi, irin wanda shi ma yake yi idan ya ga hadari ya haɗo gabas ya ce a kwashe shanya.

Wannan ɗan hoton gajimare da ke fuskar wayarka, ba wani ne ya leƙa sararin Kumo ba. Kwamfuta ce a Turai ko Amurka ta yi lissafin iskar duniya gaba ɗaya, ta yanko maka rabonka. Ruwanmu kuma na hadari ne, yakan jiƙa Kumo ya bar Kashere da ƙura, kuma tashoshin awo a yankinmu ba su da yawa. Shi ya sa hasashen kwana ɗaya zuwa uku yake da amfani, na kwana goma kuwa ka karanta shi kamar alkawarin ɗan siyasa. Idan wayar ta rubuta kashi 60 cikin ɗari, ai ta bar 40 na rashin ruwa, kai ne ba ka duba wannan ɓangaren ba.

Maganar shuka daban ce. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen damina kowace shekara wajen Janairu ko Fabrairu, har da fassarar Hausa. A ciki za ka ga lokacin da ake sa ran damina ta zauna a kowace ƙaramar hukuma, da lokacin ɗaukewarta, da inda ake tsoron ruwa ya tsaya bayan shuka. Sauke shi daga shafinsu, ka nemi ƙaramar hukumarku ta Akko, ka karanta wa Baba da dare. Wani ma'aunin da masana aikin gona ke bi shi ne a samu kamar milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da an yi fiye da mako babu ruwa ba a watan da ya biyo. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Baba yana auna wannan da fartanya, ya haƙa ya ga inda laima ta kai. Ni ma haka nake yi a 'yar gonata ta hanyar Dukku, duk da taswirorin da na cika waya da su.

Yanzu teku. Tsakaninmu da gaɓar Tekun Atlantika akwai sama da kilomita 600, amma yawancin ruwan da ke sauka a gonarku daga can iska ta ɗebo shi. Iska biyu ke kokawa a kanmu: ta kudu maso yamma mai laima, da ta arewa maso gabas mai ƙura, wadda ke kawo hunturu daga Sahara, musamman kwarin Bodele a Cadi. Da bazara iyakar da ke tsakaninsu tana matsowa arewa a hankali. Sai ta wuce mu sosai damina ke zama, a Agusta mu shiga marka. Ruwan da ya yaudare ku na lokacin da iyakar ke kai-komo ne. Abin mamaki har Tekun Fasifik, can bayan duniya, yana da hannu: idan ruwansa ya yi ɗumi fiye da kima, abin da ake kira El Niño, damina kan yi rauni a Sahel. An yi shi a 1972 da 1982, kuma dattawan gidanku ba su manta farin da aka sha a 1973 da 1984 ba. Hukumar NOAA ta Amurka, mai nazarin teku da yanayi, tana bayani a kansa duk wata, sai dai da Turanci.

Shafin da na fi so shi ne Windy, don yana nuna iskar nan biyu tana gudana a kan taswira, abin da na shekara ina zanawa da alli yara suna hamma. Zoom Earth kuma hoton tauraron ɗan'adam ne. Buɗe shi da la'asar. Idan ka ga farin dunƙule a kan Biu yana tahowa yamma, irin wannan hadari yakan yi gudun kusan kilomita 50 a awa, ka san kuna da awa biyu zuwa uku. Bi shi kwanaki ka gani: wani tsarin hadarin da ya ratsa mu yakan faɗa teku ta Senegal, wani lokaci ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwar da cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami ke sa wa suna tsakanin Yuni da Nuwamba. Shafukan nan biyu suna cin data, ka sani tun yanzu.

Tambaya: Baba Malam, an turo mana saƙo a WhatsApp cewa Kamaru za ta saki ruwa, mu bar gari. Muna kusa da Dadin Kowa, ina da yara huɗu.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Dam ɗin Lagdo na Kamaru a kan kogin Binuwai yake, ruwansa ta Yola da Makurɗi yake bi zuwa Lokoja, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ku a kan Gongola kuke, wanda sai a Numan yake haɗuwa da Binuwai. Abin da za ki sa wa ido shi ne ruwan da ke sauka a tuddan Filato da Bauchi, inda Gongola ya faro, don kogi na iya cika ko ɗigo bai sauka a garinku ba, sai kuma sanarwar buɗe dam ɗinku na Dadin Kowa. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya kafin damina da sunayen ƙananan hukumomi. Sa wani yaro ya duba miki ƙaramar hukumarku ta Yamaltu/Deba. Takardun makarantar yara da hatsi dai ki ɗaga su sama tun daga Agusta.