Allura Biyu da ke Haɗuwa a Kan Ƙari

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen haɗa magunguna. Na ji ana binciken yi wa mai ciwon daji allura biyu, da kwanaki a tsakani, su je su haɗu da kansu a kan ƙarin. Me ya hana a yi ɗaya? Kuma yaya suke gane juna a cikin jini? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: 'Yata, lokaci ne ya raba su. Antibodi, wato sojan garkuwar jiki da ake ƙerawa a ɗakin gwaji, gwani ne wajen gano ƙari, sai dai akwai nawa. Yakan yi kwana biyu ko uku yana gararamba a jini kafin ya taru inda ake so. Shi kuwa fulorin-18, sinadari mai fitar da tururi wanda na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta PET ke hangowa kamar fitila, rabin ƙarfinsa kan tafi cikin minti 110. Idan aka ɗaura su tare, kafin ɗan aike ya isa fitilar ta mutu. In aka ɗaura masa sinadari mai daɗewa, ɓargo da hanta su yi ta shan tururin kwana da kwanaki ba gaira ba dalili.

Shi ya sa ake tura antibodi shi kaɗai, da 'yar ƙugiya mai suna TCO a jikinsa. A jira ya zauna kan ƙarin, jini ya washe. Sannan a yi ta biyu: ƙanƙanin sinadari, tetrazin, riƙe da fitilar. Da sun gamu sai su maƙale gam, iskar naitirojin ta fice. Wanda bai sami ƙugiya ba, jiki ya fitar da shi cikin 'yan sa'o'i.

Batun gane juna shi ya fi burge ni. TCO da tetrazin baƙi ne a jiki, ba ruwansu da furotin ko sukari, sai junansu. Carolyn Bertozzi ce ta raɗa wa fannin suna bioorthogonal chemistry a 2003, ta kuma raba kyautar Nobel ta 2022 da Barry Sharpless da Morten Meldal. Haɗin da Sharpless da Meldal suka gano yana bukatar jan ƙarfe, wanda guba ne ga ƙwayoyin halitta. Na tetrazin, da Joseph Fox ya bayyana a 2008, ba ya bukatarsa. A 2010 aka gwada shi a jikin ɓeraye a Holan.

Amma fa har yanzu gwaji ake yi. In kuna da majinyaci a gida, kada ki ce masa ya dakata da maganin da likita ya ɗora shi a kai don jiran wannan.