Wa ya fi girma a cikin masu magani?

Ɗana, saƙonka ya same ni a zaure bayan la'asar. Ka ce a wasan nan naku na intanet, World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar tun 2004, kuna ta musu a kan masu warkar da mayaƙa. Ga Duruwid mai maganin da ke ratsa jiki sannu a hankali, ga Faladin da ya fi gwaninta a kan mutum ɗaya, ga Shaman da maganinsa ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan, ga kuma Firist mai kafa garkuwa tun sara bai sauka ba. Shi ne kake tambaya, mu a al'adarmu wa ya fi girma a cikin masu magani.

To, mu dai ba mu taɓa ɗora su a sikeli ba. Kowa da gadon gidansu. Aski da ƙaho da kaciya na wanzami ne, shugabansu kuma Sarkin Aska. Karaya da targaɗe sai maɗori. Haihuwa da yankan cibiya sai ungozoma. Wuta ta ƙona yaro, a nufi maƙera. Ƙayar kifi ta maƙale a maƙogwaro, a nemi masunta a bakin kogin Haɗeja. Malam kuwa rubutun sha da tofi, shi ne mai garkuwar da kake faɗi.

Ina yaro na faɗo daga kan kuka wajen ɗiban ganyen miya, hannuna ya lanƙwashe. Aka shigo da ni zaure, wanzamin gidanmu na tsakiyar yi wa kakanka ƙaho a gadon baya. Ya dubi hannun, ko taɓawa bai yi ba. Cewa ya yi, "Wannan ba aikin aska ba ne, a kira gidan ɗori." Maɗori ya zo, maza biyu suka danne ni, ya ja hannun har na ji ƙas, ya shafa man shanu, ya jera karare, ya naɗe da tsumma. Da hannun nake rubuta maka wannan. Ba wanda ya ce wanzamin nan ya gaza, sai ma girma da ya ƙaru. Wanda ake gudu shi ne bokan da ke cewa kowace cuta yana da maganinta.

Shi ya sa ban ga laifin kamfanin ba da ka ce sun rage wa Duruwid ɗinka ƙarfi har kana fushi. In shi kaɗai ya iya komai, wa zai gayyaci sauran? Guzurin ƙarfin nan da kuke kira mana (sunan ya ba ni dariya, mu "mana" ta lallashi muka sani) shi ma iyaka ce, don kada mai magani ya yi ta rabo ba lissafi.

Kada dai ka ɗauka duk abin da aka gada nake karewa. Cire beli likitoci sun hana, kuma na yarda da su. Karaya yanzu a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto.

Ku biyu a rukuninku duk Duruwid ne, in ji ka. Ɗaya ya haƙura ya koma Firist mana. In ka zo hutun Sallah, taho da kwamfutar in ga Shaman ɗin nan da idona. Gai da mahaifiyarka.

Kawunka.