Tambaya da Amsa: Kumbon da ba kowa a ciki, da me yake bincike?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a lise (sakandare) anan Marwa. Naji wai Amurka ta tura kumbo wajen wani dutse dake yawo a sararin samaniya, to tunda ba mutum a ciki da me yake binciken, ko hoto kawai yake ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kumbon sunansa OSIRIS-REx, na NASA ne, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tashi a 2016 ya isa dutsen Bennu a Disambar 2018, dutsen faɗinsa wajen mita 500. Hoto kam yana ɗauka, kyamarorin bincike uku gareshi, sannan ga na'urar leza daga Kanada, tana harba haske ta ƙirga lokacin da zai yi kafin ya dawo, da haka aka zana tudu da kwarin dutsen. Wata kuma hasken da dutsen ke maidowa take rarrabewa, ita ta nuna akwai ruwa a ɗaure cikin yumɓunsa.

Amma ni wadda tafi burgeni ita ce mai auna zafi, kuma kai ɗan Marwa ka riga ka san aikinta. Taka yashin mayo (kogi) bayan isha kaji ya huce, sannan dafa dutse kaji har yanzu da ɗuminsa, to haka ake gane inda yashi yake da inda dutse yake ba sai an taɓa ba. Sai dai fa Bennu ya shammaci masanan, awon da suka yi tun daga duniya ya sa sun zaci za a samu fili mai tsakuwa, da kumbo ya isa sai ga manyan duwatsu ko'ina, wajen sauka ma da kyar aka samu.

Ranar 20 ga Oktoban 2020 ya miƙa dogon hannunsa ya taɓa dutsen, ya feso iskar naitirojin ƙura da tsakuwa suka tashi suka shige cikin mazubi, ashe wajen ba tauri, hannun ya nutse kusan rabin mita. Ya kwaso da yawa har tsakuwa ta tokare murfin wasu suka riƙa zubewa, dole aka yi maza aka killace. A Satumbar 2023 kunshin ya sauka a hamadar Utah ta Amurka, giram 121.6, ko cikin kofin shayi ɗaya zai kusa shiga.