Alhaji, kar ka tura kuɗin injin nan tukuna

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya turo tambaya, wai ɗan yayarsa ne ya kawo shawara su sayo inji daga Chaina mai ba da wutar lantarki ta hanyar ƙona gas ɗin da ke fita daga bola, su riƙa sayar wa masu walda da masu niƙa wutar, yaron yace miliyan 80 ta isa kuma shekara ɗaya uwar kuɗi ta dawo. Tambayarsa ita ce, ya tura kafin alƙalami?

Alhaji ko sisi kar ka tura. Sana'ar ba ƙarya bace, shara in ta ruɓe a binne inda iska bata shiga tana fitar da gas, kusan rabinsa mai kama wuta ne, a Durban ta Afirka ta Kudu sun daɗe suna kunna injina da shi a bolar Bisasar Road da ta Mariannhill. Amma ku kun tsallaka kan farashin inji alhali ba wanda ya auna gas ɗin bolar taku. Wa ya haƙa ramin gwaji? Yaron nan a YouTube ya gani.

Bolar Durban ɗin tsararriya ce mai zurfi, ana danne sharar da buldoza a rufe da ƙasa a bi ta da fayif, ga damshi. Tamu fa? Yashi ne da toka da leda, rabin shekara a bushe ƙarau, kullum wani ya cinna mata wuta, ɗan abin da zai ruɓe kuma awaki sun riga ka. Ko a Amurka, shara tan miliyan 1 da ƙyar take riƙe injin wuta mai ƙarfin megawat 1, kuma gas ɗin na zuwa da datti mai cin ƙarfe, in ba a tace ba injin ba zai yi ƙarko ba.

Na san wani bawan Allah da ya sayo irin injin nan don kashin shanu a wata mayanka, sai da kwantena ta iso aka gane kashin bai isa ya kunna shi ko rabin yini ba, har yau yana nan lulluɓe da tamfol.

Ware miliyan 3 ko 4 ka ɗauko injiniyan da ba ɗan uwanka ba, ya auna da rani ya auna da damina, ya baka a rubuce. Ɗan yayar naka in ya yarda da lissafinsa, ya sa nasa kuɗin a gwajin.