Wane littafi zan saya don gane tsuntsayen Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, na fara sha'awar kallon tsuntsaye a fadamar Rima, wani ya ba ni littafin tsuntsayen Ingila amma yawancin abin da nake gani ba ya ciki. Wane littafi ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi na ji daɗin wannan tambaya. To littafin Ingilan nan kar ka yar da shi, amma ba shi ne abokin tafiyarka ba, don ba za ka ga shamuwa ko gauraka ko cilakowa a ciki ba. Abin da kake buƙata littafin Afirka ta Yamma ne, kuma wanda ni nake riƙe da shi shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, ka nemi bugu na biyu na 2014. Ka kula fa, akwai babban da ya fito a 2001, wannan na ajiye a ɗaki ne, in ka saɓa shi zuwa Kware cikin rana sai kafaɗa ta gaya maka. Akwai kuma tsohon na Serle da Morel na 1977, in ka same shi da araha ba laifi, sai dai ba duk tsuntsayen aka zana ba kuma sunaye da dama sun canza.

Kafin ka ba da kuɗinka ka duba abu biyu. Na farko taswira, kowane tsuntsu ya zama yana da ɗan taswirarsa, saboda Najeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900 kuma da yawa na kurmin kudu ne, in ka ga taswira ba ta taɓo arewa maso yamma ba to ka sake duba abin da ke gabanka da kyau kafin ka ce shi ne.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke yin asara, ka zaɓi mai zane ba mai hoto ba. Na san hoto ya fi ɗaukar ido, amma hoto tsuntsu ɗaya ne a rana ɗaya, shi kuwa zane zai jera maka namiji da mace da ɗan tsako da kayan damina da na rani duk a shafi guda. Ɗauki jan-baki mai cinye wa manoma gero da shinkafa, da damina namijin yakan yi baƙar fuska, da rani kuma ya koma kamar macen har ka rantse wani tsuntsu ne daban. Haka baƙin da ke zuwa mana daga Turai da hunturu, wajen Oktoba zuwa Maris, waɗanda za ka tarar a bakin ruwan Goronyo, yawancinsu sun tuɓe kwalliyarsu kafin su iso, littafin da bai nuna kayan hunturu ba zai bar ka kana ta juya shafi har su tashi.

Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kyauta ce, ka sauke ta a waya tun a gida don sabis yakan yanke a fadama, amma in ta saɓa wa taswira ni littafi nake bi.

Abu ɗaya da ke damuna, littattafan nan da Turanci suke, babu sunayenmu a ciki. Don haka ka tafi da fensir, in ka haɗu da masunta ko makiyaya ka buɗe musu shafin ka ce Baba wannan yaya kuke kiransa, ka rubuta a gefen zanen. Haka na cika nawa, zalɓe, ɗinya, kirinjijiya, carki, wani ma sai ka ji sunan Wurno daban na Wamakko daban, duk ka rubuta. Ka fara da na unguwarku, balbela da hasbiya da shirwa, ka nemo shafinsu tun kafin ranar da za ka sauka fadama.